Maganin da Ba a Biya: Jakin Ayalan da Ƙasar Kabarin Boho

A ƙauyukan Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya, shekara tamanin da 'yan kai da suka wuce, idan tarin shiƙa ya kama yaro jaki ake nema. A ɗauki yaron a zura shi ta ƙarƙashin cikin jakin, a ɗago shi ta gadon baya, a sake zurawa, har sau uku. Wasu sukan ba jakin burodi ya ci, su tsince ɓarɓashin da ya zubo daga bakinsa su ba mai tarin. In babu jaki a kusa, uban yaro ya fita bakin hanya ya jira mai farin doki ya gifta, ya tare shi ya tambaye shi magani. Duk abin da mahayin ya faɗa, ko da shayi ne da burodi, to shi ne maganin. Masu farautar zomo kuma suna kiwon wata 'yar dabba mai kama da tunku. A zuba mata madara ta sha ta rage, a ɗura wa yaron sauran.

Da a majalisa wani ya ba ni wannan labari, da na ce ya ƙara gishiri. Amma a rubuce yake, kuma 'yan makarantar ƙasar ne suka rubuta da hannunsu. Tsakanin 1937 da 1939, Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya ta Ayalan, wadda aka kafa a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi ta tura yara fiye da 50,000 na makarantun firamare wajen 5,000 su koma gida su zauna gaban iyaye da kakanni da tsofaffin unguwa. Aka ce su tambayo tatsuniyoyi, karin magana, labarin babbar yunwa, sunayen gonaki, da magungunan da ake yi a gida. Yaran suka rubuta abin da suka ji, suka sa sunan wanda ya faɗa da shekarunsa. Abin da aka tara ya kai shafi wajen 740,000. Yana nan ajiye a jami'ar UCD da ke Dublin, an kuma ɗauki hoton mafi yawansa an ɗora a intanet, kowa na iya gani da gogen alƙalami da kuskuren rubutun yara.

Mu da aka raine mu da zaton Bature da allura a hannu aka haife shi, akwai abin murmushi a nan. A wannan shekara ta 1937 da yaran Ayalan ke rubuta labarin jaki, wata 'yar ƙasarsu mai suna Mary Martin tana Fatakwal tana kafa ƙungiyar mata 'yan mishan masu aikin asibiti.

Abin da ya fi burge ni game da wannan aiki shi ne ba likitoci ko limaman coci ne suka tace shi ba. Da likitoci aka ba, da sun zubar da jakin sun ajiye ciyawar tekun da ake dafawa da madara don tari, mu kuma yau mu ɗauka kakannin Ayalan duk masana harhaɗa magani ne. Da limaman coci aka ba, da sun share duk inda aka ambaci mutanen ɓoye. Yaro kuwa ba ruwansa, abin da kaka ta faɗa shi yake rubutawa. Shi ya sa a shafi ɗaya za ka ga abin da yake da ma'ana kusa da abin da babu ko ɗigo.

Ɗauki tusar jaki, wannan tsiron da ke fitowa a yatsa ko bayan hannu. Da wuya a sami ciwon da ya kai ta yawan magunguna a littattafan nan. A goga mata dodon koɗi, a soke shi a ƙaya, yana bushewa tana bushewa. A yanka dankalin Turawa a goga a binne, yana ruɓewa tana tafiya. A ƙirga tsakuwa daidai yawan tsiron, a ƙulle a takarda a yar a mararraba, wanda ya tsinta ya kwashe da ciwon (wannan kam akwai mugunta a ciki). Ko a je maƙera a tsoma hannu a ruwan da maƙeri ke kashe jan ƙarfe. Hazbiya kuwa ƙayoyi tara ake nuna wa ido ɗaya bayan ɗaya, ko a shafa mata zoben aure. Mai hangum a sa masa ragamar jaki a ja shi a zagaya ɗakin aladu. Makero aikin ɗa na bakwai ne a jerin maza, in ubansa ma na bakwai ne to abin ya fi ƙarfi. Farin da ke fitowa a bakin jarirai, wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa ne zai hura wa jaririn iska a baki. Ƙuna kuma sai wanda ya taɓa lasar wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare da ke zama a ruwa. An ce daga ranar harshensa ya zama maganin wuta.

Mutane kan rabu biyu idan sun ji irin wannan. Wasu su yi dariya su wuce. Waɗannan ba su dame ni ba sosai, domin dariyarsu ba ta kwantar da kowa a asibiti. Waɗanda suka fi damuna su ne masu cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, kuma kimiyya sai yanzu take tarar da kakanni a inda suka daɗe da zama. Hujjar da suka fi ɗagawa a 'yan shekarun nan daga wani ƙauye take mai suna Boho, a gundumar Fermanagh ta Ayalan ta Arewa.

A maƙabartar cocin Boho akwai kabarin wani fada, James McGirr, wanda ya rasu a 1815. Yana raye an san shi da ba da magani, kuma ana cewa ya bar wasiyya cewa ƙasar da za ta rufe shi za ta warkar da duk abin da yake warkarwa. Shekara ɗari biyu ke nan mutane na zuwa suna ɗiba, su ƙulle a ƙyalle su sa ƙarƙashin matashin kai, wasu su ɗora a inda ke ciwo, kamar haƙori ko maƙogwaro. A 2018 masu bincike na jami'ar Swansea, cikinsu har da Gerry Quinn wanda ya san yankin tun yana yaro, suka wallafa cewa sun sami wani sabon nau'in ƙwayar halitta a ƙasar Boho, daga dangin da ake kira Streptomyces. A ɗakin gwaje-gwaje wannan ƙwaya ta hana wasu cututtuka masu taurin kai yaɗuwa, ciki har da MRSA, wadda ta gagari magunguna da yawa. Jaridu suka ɗauka, labari ya zaga duniya, har a wayoyinmu na nan ya iso da taken cewa kimiyya ta sallama wa gargajiya.

Ni musulmi ne, neman waraka a ƙasar kabari ba hanyata ba ce, amma ba ta wannan ƙofa nake son shiga maganar ba. Binciken gaskiya ne kuma abin yabo ne. Sai dai a dubi abin da ya nuna. Ya nuna cewa idan aka ware ƙwayar, aka raine ta a faranti, aka haɗa ta da ƙwayar cuta a faranti ɗaya, tana cin galaba. Bai nuna cewa ƙullin ƙasa a ƙarƙashin matashi yana yi wa ciwon haƙori komai ba. Kuma dangin Streptomyces ba a Boho kaɗai suke ba, kusan duk ƙasar da ka dafa akwai su, su ne ma ke ba ƙasa ƙamshin nan na ruwan fari. Daga cikinsu aka samo streptomycin a Amurka a 1943, maganin farko da ya iya da tarin fuka. Tsakanin ƙasar da aka ɗebo da allurar da aka yi wa majinyaci akwai tacewa, da auna yawan da jiki zai ɗauka, da gwaji a kan mutane wanda aka wallafa a Birtaniya a 1948, da gano cewa maganin kan taɓa ji. Tarin fuka yana kashe dubban 'yan Ayalan duk shekara a wancan zamani, a gidajen da ke cike da magungunan kaka. Abin da ya karya lagonsa shi ne asibitocin da aka gina lokacin da Noël Browne ke ministan lafiya daga 1948, da hoton ƙirji kyauta, da rigakafi, da wannan allura.

Haka labarin rijiyar Gleann na nGealt a gundumar Kerry, wato kwarin mahaukata, inda tun can da masu taɓin hankali ke zuwa shan ruwa. Da aka auna ruwan a 2012 an sami sinadarin lithium fiye da yadda aka saba gani, kuma lithium magani ne da likitocin ƙwaƙwalwa ke bayarwa. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma abin da ke cikin ruwan bai kai ko kusa da abin da ke cikin ƙwaya ɗaya ta asibiti ba. Ayalan na da rijiyoyin waliyyai wajen 3,000. Idan ka auna dubu uku, ba ka rasa guda da za ta ba ka labari.

Wanda ya tsaya da ƙafarsa sosai shi ne gansakukar fadama. Mutanen karkara sun daɗe suna ɗaure rauni da ita, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da auduga ta yi ƙaranci, mata da yara suka bazu a fadamun Ayalan suna tarawa, ana busarwa ana ɗinke ta a ƙyalle a Dublin ana aika wa asibitocin soja da dubban ɗaruruwa. Tana shan ruwa ninkin nauyinta sau da yawa, kuma tsaminta ba ya barin ƙwayoyin cuta su sake. Wannan ban da ja a kai. Amma bakin da ya faɗi gansakuka shi ya faɗi saƙar gizo-gizo don tsayar da jini da kashin shanu don ƙuna, kuma tsohuwar da ta faɗa ba ta da hanyar sanin wanne ne zai warkar, wanne ne zai jawo sandarewar jiki.

Sannan wannan kalma ta "kakanni" ma tana ɓoye abu. Ayalan ta taɓa yin likitoci masu karatu, gidaje ne na gado irin su O'Hickey da O'Shiel da O'Cassidy, kowane gida da sarkin da yake yi wa aiki, suna fassara littattafan likitanci daga Latin zuwa harshensu. A 2019 Farfesa Pádraig Ó Macháin na jami'ar Cork ya bayyana wata fata da aka samu an yi bangon wani tsohon littafi da ita. Da aka buɗe sai ga guntun Alƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina, an fassara shi da harshen Ayalan tun ƙarni na 15. Waɗannan gidaje sun watse ne da rushewar sarautun da ke ciyar da su a ƙarni na 17, bayan Ingila ta gama murƙushe ƙasar. Abin da yara suka rubuta a 1937 shi ne abin da ya saura a hannun talakawan da aka ƙwace wa gonaki, waɗanda yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe musu mutum kamar miliyan ɗaya, wani miliyan ya tsallaka teku. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Uban da ya tsaya a hanya yana jiran mai farin doki, mai yiwuwa lissafinsa shi ne mai farin doki mai hali ne, ko fada ko likita ko attajiri, wataƙila ya san wani abu.

To me ya sa mutane suka yi ta rantsuwa cewa magungunan na ci? Dubi jerin cututtukan. Kusan kashi biyu cikin uku na tusar jaki a jikin yara da kanta take ɓacewa cikin shekara biyu. Hazbiya mako ɗaya ko biyu ce. Hangum ba ya wuce mako biyu. Tarin shiƙa kan ja wata biyu zuwa uku, kuma ba a neman jaki sai abin ya yi tsanani, wato dab da lokacin da zai fara sauka. Faɗuwa ce ke zuwa daidai da zama. Yaron da ya warke, jaki ya sha yabo. Jaririn da tarin ya ɗauke numfashinsa, kuma jarirai 'yan watanni su ne ya fi kashewa, an ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya koma ya tuhumi jaki. Sai da rigakafi ya iso ƙasar a farkon shekarun 1950 sannan iyaye suka daina jin wannan shiƙar cikin dare a kowane gida.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a tattara a zubar. Akwai abin da na gani a wannan al'ada da nake ganin ya fi ganyayyakinta daraja, kuma shi ne ba a cika magana a kai ba: ƙa'idojin da suka kewaye mai maganin.

A Ayalan ba a cewa wane mai magani ne haka kawai. Cewa ake wane yana da maganin ƙuna, wance tana da na makero, gidan su wane suna da na tsayar da jini. Ciwo ɗaya, mutum ɗaya. Manomi ne ko matar gida ko direba, yana da sana'arsa, maganin kuma amana ce da ya gada ko haihuwa ta ɗora masa. In ka je masa da abin da ba nasa ba, zai ce maka ba shi da shi. Ba ya talla, sai dai ka ji a bakin maƙwabci. A gidaje da yawa namiji mace yake bar wa sirrin, mace ta bar wa namiji, mutum ɗaya a kowane zamani. Babbar ƙa'idar kuma ita ce ba ya karɓar kuɗi, domin imanin shi ne ranar da ya sa farashi ranar maganin zai bar hannunsa. Akan bar masa ƙwai ko taba a kan tebur, a wasu wuraren ma ko godiya ba a so ka yi. Al'adar ba ta mutu ba. Har yau a karkarar ƙasar, mutumin da ya fito daga asibiti da takardar likita a aljihu yana iya tambaya a Facebook ko akwai mai maganin kaza a kusa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Mun san ƙuna ta maƙera ce, ƙayar kifi in ta maƙale ta Sarkawa ce, karaya ta gidan masu ɗori ce, kuma da yawansu abin da ka ba su sadaka ce, ba ciniki ba. Ka ajiye wannan a gefe, ka saurari motar da ke tsayawa a bakin kasuwa da lasifika, kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyin mara da ciwon suga da ƙarfin maza, saya biyu a ba ka ɗaya. Dukansu gargajiya muke ce musu, alhali ba abin da ya haɗa su. Wanda ba ya cin riba ba shi da dalilin riƙe majinyacin da ya fi ƙarfinsa, ba shi da dalilin zagin asibiti, ba shi da dalilin ƙara cututtuka a jerinsa. Ko da tofinsa bai yi komai ba, ka koma gida da kuɗinka, da kuma sanin cewa wani ya bar aikinsa ya zauna ya dubi ciwonka. Ga mai tusar jaki wannan ya isa, tunda dama za ta tafi.

Zan yarda cewa wannan ƙa'ida ba ta wanke komai ba. Akwai ciwon ƙuraje masu zafi kamar wuta da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara, wanda ƙwayar ƙarambau ce ke farfaɗowa bayan shekaru. A sassan Ayalan maganinsa jinin ɗan gidan Keogh ne ko na gidan Cahill: ya huda yatsa ya shafa jininsa a kewayen ƙurajen. Kyauta ne, da kyakkyawar niyya ne, amma jinin wani ne a kan fatar da ta fashe, hanyar da ciwon hanta ke bi ke nan. Ga shi kuma maganin asibiti na wannan ciwo ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72. Kwana ukun da aka ɓata ana cigiyar ɗan Keogh su ne kwanakin.

Sannan akwai Bridget Cleary, wadda duk mai son ya yi wa wannan al'ada kwalliya dole ya tsaya a kanta. 'Yar shekara 26 ce a Ballyvadlea, gundumar Tipperary, tela ce mai keken ɗinkinta, tana kiwon kaji tana sayar da ƙwai. A watan Maris na 1895 ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Aka aika kiran likitan gwamnati, kwanaki suka wuce bai zo ba. Kafin ya zo, magana ta riga ta shiga gidan cewa wadda ke kwance ba Bridget ba ce, mutanen ɓoye sun ɗauke ta sun bar tasu a madadinta. 'Yan Ayalan ma ba sa kiran sunansu kai tsaye, "mutanen kirki" suke ce musu, kamar yadda mu ma muke sakayawa. Mijinta Michael ya karɓo haɗin ganye wurin wani mai maganin iskoki, aka dafa da madara, 'yan uwanta maza suka danne ta aka ɗura mata da ƙarfi, aka riƙe ta a kan murhu ana tambayarta ta faɗi ko ita wace ce. A daren 15 ga wata ya watsa mata kananzir, ta ƙone. Bayan mako guda aka tono gawarta a wani rami mara zurfi. Mijin ya kwana uku yana jira a wani tsohon kango, yana sa ran matarsa ta gaskiya za ta fito a kan farin doki. Kotu ta ɗaure shi shekara 20, ya yi 15.

Mahaifinta na cikin ɗakin. Ba wanda ya shiga don neman kuɗi. Abin da ya faru shi ne an bar tambayar me ke damunta aka koma tambayar wace ce ita, kuma daga nan duk kukan da ta yi ya zama hujja a kanta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa mai taɓin hankali ko mai farfaɗiya da sunan fitar da iska ya san wannan ɗaki. Abin da ba na son a manta kuma shi ne kwanakin da aka yi ana jiran likita. Tun 1851 doka ta raba Ayalan gida 723, kowane da likitan talakawa. A takarda Bridget tana da likita.

Saboda haka idan aka zo maganar me hukuma za ta yi, ba na goyon bayan a hana, ba na kuma goyon bayan a yi musu rajista a ba su lasisi. Hani an gwada. Limaman coci sun yi ta yaƙar taron rijiyoyi a ƙarni na 19, sun yi ta la'antar Biddy Early, shahararriyar mai maganin gundumar Clare mai shuɗiyar kwalba. Ana cewa a 1865 aka gurfanar da ita a garin Ennis da tuhumar maita, ƙarar ta mutu saboda waɗanda aka sa ran za su ba da shaida sun ƙi buɗe baki. Wa zai tona wadda ta duba masa ɗa ba ta karɓi ko sisi ba? Lasisi kuwa ya fi hani haɗari a ganina. Ranar da ka ba mai maganin ƙuna takarda da hatimi, ka mayar da shi ɗan kasuwa, zai kafa allo, allo kuma ba ya son ciwo ɗaya.

Inda hukuma ke da aiki shi ne kan abin da ake haɗiya da abin da ake sayarwa. A shekarar 2000 Ayalan ta hana sayar da ganyen da suke kira St John's wort sai da takardar likita, duk da cewa tsohon magani ne a ƙasar kuma akwai shaidar yana taimaka wa masu damuwa mara tsanani. An yi ta surutu a lokacin. Dalilin hukumar shi ne yana rage ƙarfin wasu magunguna a jiki, kamar na tsinka jini da na tsarin iyali da na ƙanjamau. Na ga hikimar wannan mataki: an ɗauki ganyen da muhimmanci har aka yi masa abin da ake yi wa kowane magani mai aiki. Dodon koɗi a kan ƙaya bai buƙaci doka ba. Furen da suke kira lus mór, wanda daga cikinsa aka samo maganin zuciya na digitalis, kuma wanda aka riƙa ba yaran da ake zargin iskoki sun taɓa, shi yana buƙata, domin tazarar da ke tsakanin maganinsa da dafinsa 'yar kaɗan ce.

Wani lokaci nakan yi tunanin abin da za mu samu da an ba 'yan firamaren Katsina da Damagaram da Sakkwato littafi an ce su je su tambayi kakanninsu, a rubuta komai, da sabara da tofi da abin kunya, ba tare da wani babba ya tace ba. Tsoron da nake ji shi ne mu ba za mu iya barinsa haka ba, sai mun cire abin da zai sa a yi mana dariya, kuma da mun cire shi lissafin ya lalace.

A Boho dai, ko wannan ƙwayar ta zama magani wata rana ko ta tsaya a faranti, kamfani ne zai sarrafa ta kuma da kuɗi za a saya, ban ga laifin hakan ba. Ƙasar kabarin kuwa aro ce. Sanarwar da cocin ta kafa a gefensa tana cewa cokali ɗaya kawai za ka ɗiba, kuma a rana ta huɗu ka dawo da ita inda ka ɗauka.